Su Wa Ke Tsaye a Bakin Gadon Goggo?

Masu cewa data ba ta isar su sauraren murya, ga shirin wannan mako an buga muku a rubuce kamar yadda aka saba. Yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri.

Yau maganar asibitin koyarwa zan yi. Ni ba likita ba ne, ilimin zamantakewa na karanta, allura ma tsoronta nake ji. Amma na yi jinya, kuma duk wanda ya kwana sati uku a kan tabarma a barandar asibiti ya ga abin da zai iya faɗa.

Bara da damina ciwon ƙafa ya ci ƙarfin goggona, yayar mahaifina. Tana da ciwon suga. Daga Ruma muka kai ta Batsari, daga nan aka yi ta tura mu gaba, har muka dangana da wani asibitin koyarwa. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi garin ba, don ba tonon asiri na zo yi ba.

Wanda bai taɓa ganin zagayen safe a irin wannan asibiti ba, ga yadda yake. Babban likita a gaba, likitocin da ke neman ƙwarewa a bayansa, sai sababbin likitoci, sai ɗalibai da fararen riguna da littattafai a hannu. Ranar na ƙirga mutum goma sha uku a kan Goggo. Suka buɗe ƙafar, suka yi ta Turanci kusan kwata ɗaya. Ba wanda ya ce mata ko sannu. Can wani ɗalibi yana karanta fayil ya zo kan adireshi, ya ce Batsari. Sai wani daga baya ya ce, cikin wasa, a duba ƙarƙashin filo ko akwai bindiga. Aka yi dariya. Ba kowa ba, amma an yi.

Goggo ba ta jin Turanci, amma dariya ba ta buƙatar tafinta. Matar nan sau biyu tana barin ɗakinta da tsakar dare saboda 'yan bindiga. Da suka wuce gado na gaba ta jawo hannuna ta ce, "Ɗan nan, yanke ta za su yi?" Wallahi ban san amsar ba. Ni da digirina ban gane rabin abin da suka faɗa ba.

Bayan azahar sai ga wata ɗaliba daga cikinsu ta dawo ita kaɗai. Ta durƙusa a gefen gado ta ce, "Sannu Inna, ya ƙarfin jikin?" Daga jin harshenta Goggo ta ɗago kai. Ta ce, "Ke ɗiyar ina ce?" Yarinyar ta waiga tukuna, sannan ta ce a hankali, daga ƙasar Safana take. To, nan fa hira ta ɓarke. Cikin hirar ne Goggo ta faɗa mata abin da ba ta faɗa wa kowa ba, har ni: wata biyu ke nan ta daina shan ƙwayoyin suga, saboda lokacin gudu an bar su a gida, kuma tana ɗaura wa ƙafar wani garin magani da aka ba ta. Kunya ta hana ta faɗa a gaban maza goma. Yarinyar ta rubuta, ta kai wa na gaba da ita. Washegari aka sauya tsarin maganin. An cire yatsa ɗaya, ƙafa ta tsira. Goggo tana nan tana takawa, har tana yi mini faɗan rashin aure.

Kafin a sallame mu na tambayi ɗalibar nan dalilin waigen da ta yi. Ta ce a ajinsu idan aka tambaye ta, Katsina kawai take cewa. Ta gaji da barkwancin.

Ku riƙe wannan waigen, shi ne shirinmu na yau.

A ƙasashen Turawa akwai kalmomi uku da ake haɗawa idan ana irin wannan magana. Da Hausa zan ce: a samu kowane irin mutum a wurin aiki, a yi adalci wajen shiga da ci gaba, sannan a dama da wanda ya shigo. Wasu abokaina da sun ji sai su ce ai wannan kayan Amurka ne, kuma su kansu Amurkawan sun fara watsar da shi. Gaskiya ne, a watan Yunin 2023 kotun ƙolinsu ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, kuma a Janairun 2025 Trump ya sa hannu aka rufe irin waɗannan shirye-shirye a ma'aikatun tarayyarsu. Su ta shafa. Tarihinsu daban, rigimarsu daban. Mu tun kafin su fara wannan cacar muna da namu a rubuce. Sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ya ce kada wasu 'yan jihohi ko ƙabilu su mamaye gwamnatin tarayya da hukumominta. Akwai hukumar raba daidai da aka kafa tun 1996. A jami'o'in tarayya ma tsarin ɗaukar ɗalibai shi ne kashi 45 cancanta zalla, kashi 35 na yankin da jami'a take, kashi 20 na jihohin da aka bari a baya a boko, kuma Katsina tana cikinsu. Wato ɗan Katsina da ke zagin wannan tunani, ya duba da kyau, wataƙila ta wannan ƙofar ya shiga.

Matsalar ita ce lissafin ya tsaya a kan jiha. Idan aka ce gurbin Katsina, wa ke cinye shi? Jihar nan ƙananan hukumomi 34 gare ta. Yaron da ya yi makarantar kuɗi a cikin birni, da ɗakin gwaji da malamin kimiyya da janareta, da yarinyar da ta yi sakandare a Wagini ko Runka, a takarda duk 'yan Katsina ne. A takarda fa.

Ku tuna watan Satumban 2021. Gwamnati ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, da Batsari da Safana a ciki, aka yi watanni a haka. Ba ina musun dalilin tsaro ba ne. Amma a ƙasar da jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta, duba sakamako a intanet, karɓar gurbi a intanet, kowane saƙo ta waya yake zuwa, me kuke tsammani ya sami ɗalibin da sai ya shiga mota ya tafi Katsina kafin ya ga saƙo ɗaya? Kafin wannan kuma, bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, an rufe makarantun kwana na tsawon lokaci. Karatun likita yana son maki mafi tsada a duk jami'a. Yaron da ya rasa zango biyu na kimiyyar sinadarai ba daƙiƙi ba ne. An sa shi tsere ne bayan sauran sun yi nisa.

Na san abin da wani zai rubuto. Zai ce malam, likita fa rai yake riƙewa, ba wurin tausayi ba ne, a bar cancanta ta yi aiki. Na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Ni ma ba na son wanda bai iya ba ya taɓa Goggo. Ba wanda ya ce a sauƙaƙa jarrabawar fita. A bar ta da zafinta. Abin da nake cewa a gyara hanyar isowa bakin ƙofa. Kuma an taɓa gwadawa a nan jihar, ba a London ba. Shirin nan na mata don kiwon lafiya da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012, a Katsina da Kano da Jigawa da Zamfara da Yobe, abin da ya yi shi ne ɗauko 'yan matan karkara da sakamakonsu bai kai ba, a ba su shekarar share fage, su gyara kimiyyarsu, sannan su nemi makarantun jinya da ungozoma kamar kowa, da sharaɗin su koma su yi wa garinsu aiki. Har da matan aure masu goyo. Wanda ya shiga makarantar ungozoma ta Malumfashi a shekarun nan ya ga irinsu. Me zai hana kwalejojin likitanci su yi irin wannan? Gwamnatin jiha ta tura 'ya'yan makarantun gwamnati 41 Masar karatun likita, kuma na yaba. Amma mutum 41 a jihar da ke da miliyoyin jama'a, ai ɗanɗano ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma tun 2010 ta ba ƙasashe shawarar su riƙa ɗaukar ɗalibai 'yan karkara da gangan, domin su ne suka fi komawa karkara su zauna. Wannan ba sai an yi mana dogon bincike ba. Ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar nan cikin 'yan shekaru. Waɗanda suka rage, yawancinsu suna manyan birane. Ka tura ɗan wani gari asibitin Batsari, ranar da ya iso yake fara neman canjin wuri, kuma ban ga laifinsa ba. Wanda uwarsa ke kwana a garin, shi ne zai daure.

To a ce an shigo. Nan ne maganar ta fi yi mini nauyi, don shiga daban, zama daban.

Gadon da ke kusa da na Goggo wata Bafulatana ce daga ruga, Hausarta kaɗan ce. Kun san wa ke yi mata tafinta? Wata baba mai shara. Duk lokacin da likitoci suka zo sai a ce a nemo ta, ta ajiye tsintsiya ta zo. Ita ke faɗa wa matar sunan ciwonta, ita ke faɗa mata za a shiga da ita tiyata. Ba a ƙara mata ko sisi a kan wannan aiki, sunanta ba ya cikin fayil, ranar da take hutu kuwa sai dai a yi ta nuni da hannu. A asibitin da ake koyar da likitocin Arewa, a ce Fulfulde sai an yi sa'a? Kuma bari in faɗi wadda ba a son faɗa. Mu mutanen Batsari da Safana da muke kukan ana yi mana kallon 'yan bindiga, mu ma haka muke yi wa Bafulatani idan ya shigo layin kati da sandarsa. Na gani da idona mutane suna matsawa. Ɗalibi Bafulatani ɗan yankinmu yana ɗauke da kaya biyu: a birni ɗan Batsari ne, a Batsari ɗan daji ne. Idan dariyar da aka yi wa Goggo ta yi mini ciwo, dole wannan ma ta yi mini.

Haka kurame. Muna da maganar hannu tamu ta Hausa, kurame suna hira da ita a kasuwa da tasha. Kurma ya zo asibiti, wa zai ji shi? Mace kurma mai ciki sai ta zo da ƙaninta ya yi mata bayanin abin da ko mijinta ba ta so ya ji.

Akwai doka fa. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara yadda mai keken guragu zai shiga, wa'adin ya cika a farkon 2024. Ta kuma ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki. Ku da kuke karatu ko aiki a asibitocin koyarwa, na Kano ne, na Shika ne, na Sakkwato ne, ko namu na Katsina da aka ɗaga daga cibiyar lafiya ta tarayya, ku ƙirga da kanku ku gaya mini. Ba ina nufin marasa lafiya kaɗai ba. Ina nufin ma'aikata. Yaron da shan inna ya taɓa wa ƙafa, mai ƙwaƙwalwa kamar wuta, me zai hana shi zama likitan ƙwaƙwalwa ko masanin hoton ciki ko mai binciken jini? Sau da yawa matakalar bene ce kawai, da wani malami da zai ce masa ya nemi wani kwas.

Sai mata. Mu nan kowa ya san akwai magidancin da zai bar matarsa ta yi kwana biyu tana naƙuda a ɗaki don kada namiji ya duba ta. Kuna iya cewa jahilci ne, amma yana faruwa. Duk wanda ya bi hanyar Batsari zuwa Katsina ya wuce Babbar Ruga. Asibitin kutare ne a da. Wani likita ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinke matan da suka samu yoyon fitsari a wurin tun shekarun 1980, har wurin ya zama cibiya ta ƙasa. Mafi yawan matan da ke kwance can doguwar naƙuda ce ta kai su. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ce cikin kowace haihuwa 100,000 mata 512 ke rasuwa. Muna son likitoci mata, kowa ya yarda. Amma mutumin da ke cewa lallai mace ce za ta duba matarsa, shi ne kuma zai cire ɗiyarsa daga aji uku na sakandare. Daga sama za su faɗo?

Wadda ta daure ta shiga kuma, ga abin da ke jiranta. Shekara shida na karatu idan ba yajin aiki, shekarar horo, bautar ƙasa, sannan shekaru biyar ko shida na neman ƙwarewa, daidai lokacin aure da haihuwa. Wata 'yar ajinmu a sakandare da ta zama likita ta gaya mini tana tatsar nono a cikin mota tsakanin tiyata da tiyata, don babu ɗakin da za ta shiga. Ranar da ta nemi a sauya mata kwanan dare saboda yaronta ba lafiya, aka ce da ma an san mata ba su iya wannan fanni ba. Namijin da ya nemi irin wannan alfarma don zai je ɗaurin aure, ba wanda ya ce maza ba su iya ba. Ɗakin shayarwa ɗaya da wurin renon yara nawa za su ci a kasafin asibitin da ke sayen motocin shugabanni?

Wani abin kuma, mu 'yan Arewa mu ji tsoron Allah a kan baƙinmu. Nas ɗin da ta fi kula da Goggo da dare ba Bahausa ba ce, ba Musulma ba ce, Hausarta a karye take, amma ita ke juya ta kada ta yi gyambon kwanciya. Na ji wani ɗan jinya yana kiran ta da sunan da ba zan maimaita ba. Wanda bai san tarihi ba ya sani yau: likitan farko da Arewa ta samu, Dakta Barau Dikko, Kirista ne ɗan Wusasa, a Birmingham ya yi karatu, yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma sunansa ne a kan asibitin koyarwa na Kaduna. Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Idan ana maganar a dama da kowa, ba mu kaɗai ake nufi ba. Inda muke da rinjaye, mu ne ake tambaya.

Ban ma shiga rigimar likitoci da sauran ma'aikatan lafiya ba, wadda ke kai mu yajin aiki kusan kullum. Wannan shiri guda ne. Abin da zan ce kawai, a zagayen safen nan nas ɗin da ta kwana da Goggo tana tsaye a can baya, kuma ba wanda ya tambaye ta yadda aka kwana.

Me nake so a yi? Ban zo da dogon jeri ba. Shugabannin asibitocin koyarwa da kwalejojin likitanci su fara da ƙirga. Su fitar da alƙaluma duk shekara: ɗalibai nawa daga kowace ƙaramar hukuma, mata nawa aka ɗauka, nawa suka gama, nawa suka kai matsayin babban likita, ma'aikata nawa ne masu buƙata ta musamman. Abin da ba a ƙirga ba, kowa sai ya rantse babu matsala. A ɗauki tafintan Fulfulde da na maganar hannu aiki na sosai da albashi, ko a ƙara wa irin babar nan matsayi tunda ta riga ta iya. A samar da inda ɗalibi zai kai ƙara ba tare da takardar ta faɗa hannun wanda zai ba shi maki ba. Kuma babban likita ya sani, idan aka yi barkwancin bindiga a gabansa ya yi shiru, ya koyar da darasi, ko bai buɗe baki ba.

Namu kuma, mu matasan Ruma da Batsari da Safana, ba sai mun jira kowa ba. Mu da muka gama jami'a muna zaune muna jiran aiki, mutum nawa ne a cikinmu suka iya lissafi da kimiyya? Ni da abokaina huɗu mun fara zama da 'yan aji shida ranakun Asabar da Lahadi, mu bi tsofaffin tambayoyin JAMB da su, mu koya musu riƙe linzamin kwamfuta, don wasu ranar jarrabawa suke fara taɓa shi. Kwamfuta biyu gare mu, ɗaya sai an jingina ta da bango. Cikin yaran akwai mata bakwai, uku sun ce likita suke so. Ɗaya mahaifinta ya ce sai ya yi shawara, kuma ranar Juma'a in sha Allahu zan je in same shi tare da limamin unguwarsu.

Ɗalibar nan ta Safana kuwa, na ce mata zan ba da labarinta ba tare da suna ba. Ta ce to, amma in ƙara da cewa ranar da aka yi dariyar ita ma ta yi murmushi, don kada a gane ta. Ta ce abin ya hana ta barci, shi ya sa ta dawo bayan azahar. Bana take shekarar ƙarshe.

Wanda ke da tsohuwar kwamfuta da ba ya amfani da ita, ko littafin kimiyya na sakandare, ya yi mana magana ta akwatin saƙon wannan shafi. Mako mai zuwa za mu tattauna da wata ungozoma da ke aiki a ƙauye. Sai mun haɗu. Wassalamu alaikum.